Ta Sauka Lafiya, Amma Ba Ta Kai Suna Ba: Alamun Haɗari Ga Maijego

 Kamar yadda muka saba, muna buga amsar da muka bayar a rediyo domin wanda ke gona ko kasuwa lokacin da aka sa shirin ya samu ya karanta, ya kuma karanta wa na gida. Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Kazaure, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa cinikin hatsi ran kasuwa. Bara da kaka matar ƙanena ta haihu a gida, ta sauka lafiya, muka yi barka, har an sayi ragon suna. Ran kwana huɗu ta ce kanta na ciwo kamar zai tsage, idonta kuma yana ganin duhu-duhu. Aka ce rashin barci ne, aka sayo mata ƙwaya a kemis. Da dare sai ta kama jijjiga tana taune harshe. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi har asuba. Da gari ya waye muka sami mota, amma kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa. Yanzu ga iyalina da ciki wata takwas, ni kuwa ko barcin kirki ba na yi. Don Allah ku gaya mini abin da zan duba, da lokacin da ya kamata in nemi mota."

To Malam, Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari, ya ba ku haƙuri. Mun gode da wannan wasiƙa, domin tambayar da ka yi ta shafi kowane gida.

Abu na farko da muke so ka riƙe shi ne, haihuwa ba ta ƙarewa ranar da aka yi guɗa. Iyayenmu sun ware wa maijego kwana arba'in, likitoci kuma suna lissafa mako 6, watau kwana 42, kusan maganar ɗaya ce. A cikin waɗannan kwanaki jikinta yana komawa yadda yake, kuma a cikinsu ake rasa mata da yawa, musamman ranar farko da makon farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kimanin 75,000 daga cikinsu a Nijeriya, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Mafi yawan abin da ke kashe su yana da magani a asibiti, kuma yakan nuna alama kafin ya yi kisa. Abin da ke ba mu kashi shi ne rashin gane alamar, da kuma cewa "a bari gari ya waye".

Ciwon kai da jijjiga

Bari mu fara da abin da ya faru a gidanku. Alamun da ka lissafa su ne na jijjiga, wadda waɗansu ke kira taune-taune. Asalinta wani irin hawan jini ne da ciki ke kawowa. Jijiyoyin jini sukan matse, jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da abin da bai kamata ba cikin fitsari, daga nan abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Mutane sun ɗauka da an haihu shi ke nan an tsira. Ina! Jinin maijego yakan fi hawa tsakanin kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, kuma macen da ba ta taɓa hawan jini ba lokacin ciki tana iya fara shi a cikin jego. Ka ga kuwa matar ƙanenka ran kwana huɗu abin ya same ta.

Kafin jijjiga ta zo, galibi akwai gargaɗi. Akwai ciwon kai mai tsanani wanda ƙwaya ba ta saukar da shi. Akwai ganin duhu-duhu, ko walƙiya, ko abu ɗaya ya zama biyu. Akwai ciwo a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wanda mata kan ɗauka gyambon ciki ne, wani lokaci da amai. Sa'an nan fuska da hannuwa su kumbura, zobe ya ƙi fita. In ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, a kai ta a gwada jininta a ranar. In abin gwaji ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, jini ya hau, tana bukatar ganin malamin asibiti. In ya kai 160 bisa 110, ba maganar komawa gida, kwanciya ce a asibiti. Can akwai allurar magniziyam wadda ke hana jijjiga ta kuma tsayar da ita, da maganin saukar da jini.

In kuwa har jijjigar ta kama ta a gida, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da wuta da tukunya da duk abin da zai ji mata rauni. Kada a danne ta. Kada a cusa mata cokali ko tsumma a baki. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko jiƙo, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa abin da aka zuba masa huhu yake tafiya. Hayaƙi kuma ƙara toshe mata numfashi yake yi. Addu'a ba mu hana ba, a yi ta a cikin mota ana tafiya. Ko da ta farfaɗo ta ce ta ji sauƙi, tilas a tafi, domin jijjiga takan dawo.

Zubar jini

Wannan shi ne babban makashin masu jego, kuma shi ya fi sauri. Mace mai ƙarfi da lafiya tana iya rasuwa cikin awa 2 in ba a tsayar da jinin ba. Ga dalili. A ƙarshen ciki, jinin da ke bi ta mahaifa a kowane minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye. Da mabiyiya ta rabu, wurin da take manne ya zama buɗaɗɗen rauni, kuma abin da ke rufe shi shi ne mahaifa ta dunƙule ta yi tauri ta matse jijiyoyin. In ta saki jiki ta yi laushi, jini sai ya yi ta kwarara kamar an buɗe famfo. Wannan shi ne dalilin da ya fi yawa. Bayansa akwai ragowar mabiyiya da ta maƙale a ciki, da kuma ƙari, watau yagewar gaba wajen haihuwa.

A asibiti in jinin da ya zuba ya kai rabin lita a ranar haihuwa, an shiga haɗari. Rabin lita kuwa shi ne cikin ledar ruwan nan da ake sayarwa a tasha, guda ɗaya tak. A gida ba a iya aunawa, amma mata su lura da ƙunzugu ko audugar mata. In yana jiƙewa sharkaf kafin awa ɗaya, an sake wani shi ma ya jiƙe, ko jini ya ratsa zani ya kai tabarma, ko guda-guda suna faɗowa da suka kai ƙwan kaza, jinin ya yi yawa. Wanda ke ɗiga a hankali ba ya tsayawa shi ma kada a raina shi, yana ƙarar da mutum ba a ankara ba. A kuma duba ita kanta maijegon. Jiri, gumi mai sanyi, ƙishirwa mai yawa, zuciya na bugawa da sauri, tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari fat, waɗannan suna nuna jini ya ragu ƙwarai. Macen da dama take da ƙarancin jini tun tana da ciki, kaɗan ma ya isa ya kayar da ita.

Mun san akwai masu cewa ai mugun jini ne, gara ya fita. Jama'a, jinin biƙi daban yake. Ja ne a kwana uku ko huɗun farko, sai ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, sai fari-fari, kuma kullum raguwa yake yi har zuwa wajen arba'in. Jinin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko wanda ya ɗauke sai ya ɓalle ja wur bayan suna, wannan jinin jikinta ne take asara, a kai ta asibiti.

Mabiyiya kuma, in an yi minti 30 da haihuwa ba ta faɗo ba, a fara shirin tafiya, kada a bari ta wuce awa ɗaya. In ana zubar jini ma ba a jiran minti 30 ɗin. Kada a ja cibiya, kada a cusa mata muciya ko gashi a baki don ta yi yunƙurin amai. Ja da ƙarfi yana iya tsinke ta ko ya juyo da mahaifar waje.

Kafin mota ta iso, mata su yi abu huɗu. A sa hannu ƙasan cibiya a yi ta murza mara da ɗan ƙarfi har a ji mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo. A sa ta yi fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa dunƙulewa. A sa mata jariri a nono, tsotson yana taimakon mahaifa ta matse. A kwantar da ita ba matashi, a ɗaga ƙafafunta bisa wani abu, a lulluɓe ta. A cikin mota ma a ci gaba da murzawa.

A asibiti akan yi wa kowace mai haihuwa allurar oksitosin da zarar ɗa ya fito, don rigakafin wannan zubar jini. Inda ba allura akwai ƙwayar misofurostol, wadda mata ke kira miso, guda 3 ake sha bayan ɗa ya faɗo an kuma tabbatar ba na biyu a ciki. A nemi bayaninta wajen awo daga bakin ma'aikaciyar lafiya. Amma kul a ba mace ita tana naƙuda wai don ta yi sauri, tana iya fasa mahaifa. Har ila yau akwai wata allura mai hana gudan jini narkewa. Wani babban bincike da aka bayyana sakamakonsa a 2017, wanda aka yi a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, in an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Bayan awa 3 amfaninta ya wuce. Ka ga ke nan, Malam, kowane minti da aka ɓata ana shawara a zaure, daga cikin awa ukun nan ake cire shi.

Zazzaɓi da wari

A wurinmu duk zafin jiki cizon sauro ne. Ga maijego kuwa, tilas a fara zargin ƙwayar cuta ta shiga mahaifa. Takan shiga ta hannun da ba a wanke ba, ko tsumma marar tsabta, ko in faya ta fashe aka daɗe ba a haihu ba, ko doguwar naƙuda, ko ragowar mabiyiya. Alamunta su ne zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon mara wanda ke ƙaruwa, a taɓa ta yi ƙara, da jinin biƙi mai wari ko mai mugunya. In cutar ta bi jini, sai ka ga numfashi da sauri, fitsari ya ragu, ta fara sambatu, wani lokaci ma jikin ya yi sanyi ƙalau maimakon zafi. A wannan hali kwana ɗaya yana iya raba ta da duniya.

Saboda haka maijego mai zazzaɓi ba ta kemis ba ce. A kai ta a gwada, in cizon sauro ne a gani, in mahaifa ce a ba ta maganin da ya dace, sau da yawa ta jijiya. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki, a riƙa duba wurin. In ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa ko ya buɗe, a koma inda aka yi aikin. Nono ma yakan yi. In gefe ɗaya ya yi tauri da zafi da ja, ga zazzaɓi, ta ci gaba da shayarwa, nonon bai lalace ba, amma a nemi magani kafin ya tara mugunya.

Haki, tari da kumburi

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi bincike a kansa a shekarun 1970, suka ƙiyasta yana kama kimanin mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a yankin. Zuciyar ce ke yin rauni ta kasa tura jini, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Za ka ga mace tana haki daga ɗaki zuwa madafa. Ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango ko ta tara matasai. Tari yana tashinta da dare, zuciya na dukan uku-uku, ƙafafu biyu sun kumbura, ka danna yatsa ya lotsa. Sau da yawa akan ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, sai a ƙara wuta a ƙara kanwa. Nan ake ƙara wa Barno dawaki.

Likitocin Zariya na wancan lokaci sun danganta ciwon da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano da waɗansu garuruwa ya nuna yana kama har matan da ba su yi waɗannan ba, kuma ya fi samun masu rama da waɗanda suka yi hawan jinin ciki. Duk da haka, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana hawar da jini, zafi mai yawa kuma yana wahalar da zuciyar da ta riga ta gaji. Shawararmu ga iyaye mata ita ce, a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, a dama kunu ba kanwa, a ba ta nama da wake da ganye. Wadda ke haki, ko jiri, ko zubar jini, ko aka ce jininta ya hau, a dakatar da wankan jego a kai ta asibiti. Ciwon yana da magani, mata da yawa suna warkewa, amma wadda ta taɓa yin sa kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyarta.

Kumburin ƙafa ɗaya kuwa wata magana ce dabam. In sha-raɓa ko cinya guda ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Ya fi samun wadda aka yi wa tiyata ko ta daɗe a kwance. Kada a murza, kada a yi tausa, kada a kira wanzami ya yi ƙaho, domin gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. In ya tafi, sai numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ga ciwon ƙirji, wani lokaci da tarin jini. Wannan ko tsakar dare ne a tafi. Rigakafinsa shi ne maijego ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida tun ranar farko, ta kuma sha ruwa sosai.

In hankali ya taɓu

Mata da yawa sukan yi kuka ba dalili ko saurin fushi wajen kwana 3 zuwa 5, wannan yakan wuce kafin mako 2. In ya zarce haka, ba ta ci, ba ta barci, ba ta sha'awar kowa har jaririn, ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Akwai kuma mai tsanani, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, galibi a mako biyun farko. Takan kwana ido biyu, tana surutai, tana jin muryoyi, ko ta ce ɗan ba nata ba ne, ko ta ambaci kashe kanta. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jariri ko kusa da rijiya. A kai ta babban asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, mafi yawansu suna dawowa garau su yi renon 'ya'yansu.

Fitsari

In maijego ta yi awa 6 da haihuwa ba ta yi fitsari ba, ko tana ji ya ƙi fita, a kai ta a sa mata roba. In kuma bayan doguwar naƙuda aka ga fitsari ko bayan gida yana zuba ba ta sani ba, kada a ɓoye ta a ɗaki. Yoyon fitsari in an kai da wuri, wani ƙaramin rami roba kaɗai ke rufe shi. Wanda ya fi haka ana ɗinke shi a wurare kamar Babbar Ruga a Katsina, da Ningi a jihar Bauchi, da Jahun a Jigawa, da Danja kusa da Maraɗi.

Aikin maigida

Yanzu Malam, ga naka. Wata ɗaya ya rage maka, ya isa.

Ka fara da izini. Mata da yawa sun rasu maigida yana kasuwar wani gari, an rasa mai cewa a tafi. Ka tara mahaifiyarka da ƙanenka da duk wanda ke gidan, ka faɗa da bakinka cewa ko kana nan ko ba ka nan, dare ko rana, in an ga ɗaya daga cikin alamun nan a kai ta asibiti, ka yafe jiranka. In wankan gida za ta, ka aika wa surukanka da wannan saƙo, ka kai musu wannan shafi a karanta musu.

Sai kuɗi. Yadda kake tanadin ragon suna, ka ware kuɗin mota da na magani daban, ko da buhu ɗaya ne za ka sayar, ka ba wanda kullum yana gida ya ajiye. Ka yi magana da direba tun yanzu, ka karɓi lambar wayarsa da ta wani na biyu. A waɗansu jihohin Arewa an horar da direbobin ƙungiyar tasha don ɗaukar mata masu naƙuda, ka tambayi shugaban tasharku ko akwai irinsu. In da damina ne, ka san hanyar da mota ke iya bi in rafi ya kawo. Ka kuma san asibitin da ke ƙarin jini da tiyata, domin ɗakin shan magani na ƙauye ba ya iya waɗannan, sai dai ya tura ku gaba. Ka nemi 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su bi ku don ba da jini. Katin awo ya zauna inda kowa ya sani.

Mafi alheri dai ta haihu a asibiti, kuma kada ku matsa a sallame ku kafin awa 24, domin a ranar farko jini ya fi ɓallewa. Bayan nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sake duba uwa da ɗa ran kwana 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma a mako na 6. Don sauƙin tunawa ka ce kwana uku, bayan suna, da arba'in. Kowane zuwa a gwada jininta. In kuwa haihuwar ta zo a gida, a kai su a duba cikin kwana ɗaya ko da lafiya lau suke.

Abu na ƙarshe shi ne kunya. 'Yar fari ba za ta buɗe baki gaban uwar miji ta ce jini ya yi mata yawa ba. An koya mata dauriya, ka tambaye ta ta ce "da sauƙi". Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Saboda haka a sami mace ɗaya da take sakin jiki da ita, yayarta ko gwaggonta, ta riƙa tambayarta safe da yamma: Yaya kanki? Kina gani sosai? Jinin yana raguwa? Yana wari? Kina iya kwanciya ba haki? Kin yi barci? Kai ma ka shiga ka gan ta da idonka, kada ka tsaya daga bakin ƙofa kana "yaya maijego?"

Ku kuma iyayenmu mata da ungozomomi, ku ne a ɗakin, ku ne idon kowa. Wadda ta ce a tafi asibiti ba ta gaza ba. In an je aka ce ba kome, an yi asarar kuɗin mota ne kawai, a dawo a ci tuwo.

Malam, ka tambayi lokacin da ya kamata ka nemi mota. Jinin da ya ƙi tsayawa, ciwon kai mai tsanani ko duhun ido, jijjiga ko suma, zazzaɓi da ciwon mara, haki ko ciwon ƙirji, kumburin ƙafa ɗaya, da gushewar hankali, duk wanda ka gani a cikinsu, lokacin ya yi, ko ƙarfe nawa ne. Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya raya abin da za a samu. Muna jiran wasiƙarka bayan arba'in mu ji yadda aka yi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.